Kuɗin Tsohon Ƙarfe

Barrientos mai ƙiyasin inshora ya iso ƙarfe goma,
da takalmin da bai taɓa taka baƙin mai ba.
Ya zagaye Fijona sau ɗaya,
zagayen mai duban akuyar da ba shi da niyyar saya,
ya ɗauki hoto huɗu, ya ce, “Wannan ta gama.
Gyaranta ya fi kuɗinta.
Peso miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.”

Na ce, “Albarka.”
Ya ce ba ciniki ya zo yi ba.

Ni ce Leontina. Shekara goma sha tara
ina hawan tuddan Valparaíso da burodi ɗari uku a bayana,
tun jiragen ruwa ba su yi hamma ba.
Ba ni na bar hannuna ba.
Motar kifi ce birki ya tsinke mata a gangara,
ta niƙe ƙofata, ta zuba min sardin har kan cinya.
Kuliyoyin unguwa suka sha biki,
ni na kwana asibiti, wuya a ɗaure kamar gora.

Na kawo masa gwangwanin biskit cike da rasit.
Ga injin da Eliseo ya sa min da sanyin Yuli.
Ga taya huɗu, ko gashinsu bai zube ba.
Ga batir. Ga kuɗinku da nake biya duk wata,
har watan da aka binne Anselmo ban tsallake ba.
Ya ce, “Kasuwa ba ta sayen rasit, uwargida.”
Na ce, nuna min kasuwar.
In akwai mai tafiya a wannan kuɗin, biyu zan saya,
ɗaya in ba ka tukuici.

Ban gaya masa kujerar direba
tana nan inda Anselmo ya ja ta ba,
ni nake cusa matashi don ƙafata ta kai.
Wannan ba na sayarwa ba ne,
ba zan ɗora shi a kan sikelinsu ba.

Sai waya. Danna ɗaya, danna uku, jira.
Kiɗan jiran nan har na iya shi,
ina murza ƙullu a kansa.
Mutum bakwai na ba labarin sardin,
kowa ya ce fayil ɗina yana teburin wani.
Bayan mako shida suka ƙara dubu ɗari da hamsin,
da wasiƙa mai cewa wannan alheri ne.
Alheri!
Wanda ya ci ladan kuturu ai aski ya rage masa.

Ran Asabar Eliseo ya kai ni makabartar motoci,
can bayan gari, inda ƙarafa ke kwana bisa juna.
Na tarar da ’yar’uwar tawa, shekararsu ɗaya, an feɗe ta,
an rubuta wa kowace gaɓa farashi da alli.
Inji, dubu ɗari tara.
Giya, ɗari huɗu.
Fitila, madubi, ƙofar da ta tsira, har murfin tanki.
Na jiƙa fensir da yawu, na tara a bayan ambulan:
miliyan biyu da ɗoriya.
Ashe gawarta ta fi ta tsada.

Na kwafe lissafin sau uku.
Ɗaya ga Barrientos, ɗaya ga ofishin koken jama’a,
ɗaya na manna a jikin tanda, kusa da kalanda.

Yanzu da kwando nake hawa,
a tsohon keken ƙarfe mai jan igiya,
burodin tudun sama yana isa da sanyi,
Doña Herminda ta ce ba komai, za ta gasa.
Takardarsu tana ƙarƙashin kwalbar gishiri,
gurbin sa hannu fari fat.
Makullin yana aljihun gabana, cikin gari.
Jiya na laluba neman canji,
shi na fara ciro wa yaron.